Daga Soro zuwa Ƙarfen Sabis: Yadda Gini Ya Rage Nauyi Ya Gaji Girgiza

Tsohon gini a ƙasar Rano, kamar a sauran ƙasar Hausa, da nauyinsa yake tsayawa. Ganuwar birnin Autan Bawo, da zaurukan masu sarauta, da sorayen attajirai, duk dabara ɗaya aka bi wajen tayar da su: a jera tubali, a kaurara gindin katanga ta riƙa sirancewa tana hawa, sannan a shimfiɗa azarar giginya a danne ta da ƙasa. Azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa idan tazara ta wuce kimanin mita biyu, don haka magina suka fito da bakan gizo, inda ake ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Babban abokin gaban irin wannan gini ruwan sama ne, shi ya sa ake yaɓe da gyaran indararo kafin damina. Girgiza kuwa, maginin gargajiya bai taɓa zama ya yi lissafinta ba, kuma bai yi asarar komai ba da rashin yin hakan. Katanga mai kauri ba ta motsi don hadari ya taso daga gabas, ɗan motsin da ya shige ta kuma, ƙasa da ciyawar da aka cuɗa ta da su sukan shanye shi nan take. Nauyi ne ya ɗauke masa wannan aiki kyauta.

Ƙarni na 20 ya sauya lissafin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwanon rufi ya samu hanyar shigowa, sannu a hankali ya kori rufin ƙasa daga birni har ƙauye. Falwayoyin wutar lantarki suka biyo baya. A watan Agusta na 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, cikin 'yan shekaru ƙarafunan sabis suka tsiro a kowace ƙaramar hukuma. Yau idan aka ɗebe duwatsun da Allah ya kafa, abin da ya fi komai tsawo a Rano da Kibiya ƙarfe ne siriri wanda ana iya hango sama ta cikinsa. Duwatsu da tsoffin tayoyin da ake gani a kan rufin kwano a ƙauyuka shaida ce cewa mutane sun gane abin da aka rasa, suna ƙoƙarin mayar da nauyin da aka cire.

Amma ba daidai ba ne a ce Bahaushe bai san wata hanyar tsayar da abu ba sai ta nauyi. Ya sani, sai dai bai kai ta fagen gini ba, ya bar ta a hannun maharba da makaɗa. Baka (ga mutanen Kibiya misalin a bakin ƙofa yake) sanda ce da aka tanƙwara, tana son miƙewa tsirkiya ta hana ta, tsirkiya tana son saki sanda ta hana ta. Ƙarfin bakan yana cikin wannan ja-in-ja da ba ya ƙarewa. Kalangu ya fi baka bayyana al'amarin. Icen da ke tsakiya ana matse shi ta bakunansa biyu, tsirkiyoyin da ke kewaye da shi ana jan su, fatun biyu kuma ba su da wani tauri nasu sai wanda jan ya ba su. Idan makaɗi ya matse kalangu a hammata, ja ya ƙaru, fata ta ƙara saurin kaɗawa, sauti ya yi sama. Idan ya sassauta, sauti ya sauko. Da wannan ne kalangu ke kwaikwayon hawa da saukar muryar Hausa, ko a wurin mahauta ko a bayan Mamman Shata.

Dokar da ke ƙarƙashin wannan, wani malamin coci Bafaranshe mai suna Marin Mersenne ya rubuta ta a 1636: idan aka ninka jan tsirkiya sau huɗu, saurin kaɗawarta ya ninka sau biyu. Ma'anar wannan ga injiniya ita ce, a duk abin da ja ke riƙewa, tauri da saurin girgiza ba abubuwa ne tsayayyu ba, suna bin ɗaurin da aka yi. Mai gyaran keke a bakin kasuwa yana aiki da wannan ilimi duk lokacin da ya fizgi siraran wayoyin ƙafar keke ɗaya bayan ɗaya yana saurare: wadda ta yi sauti mai kauri ta saki, kuma ƙafar za ta karkace a wurin.

Tunanin a yi gini sukutum da wannan dabara, watau sanduna da igiyoyi kaɗai, sandunan ba sa ko taɓa juna, sabo ne ƙwarai. Wani mai zane ɗan ƙasar Latbiya, Karlis Johansons, ya nuna wasu ƙananan siffofi masu kama da haka a wani baje koli a Mosko a 1921, amma aikinsa ya ɓace cikin hargitsin wancan zamani. Labarin da aka fi sani ya faro ne a kwalejin Black Mountain da ke jihar North Carolina ta Amurka, inda a 1948 wani ɗalibin zane mai shekara 21, Kenneth Snelson, ya saurari darussan Buckminster Fuller. Snelson ya koma gida, ya haɗa katakai biyu masu siffar gicciye, ɗaya yana lilo a saman ɗaya, babu abin da ya haɗa su sai zare da aka ɗame. Da ya dawo a 1949 ya nuna wa malaminsa. Fuller ya ga abin da yake nema shekara da shekaru, ya raɗa masa suna tensegiriti daga kalmomin Ingilishi biyu masu nufin ja da kuma kasancewa jiki guda, ya riƙa yawo da shi a laccocinsa kamar nasa. Sai a 1959, a wani baje koli a birnin New York, aka ambaci sunan ɗalibin a bainar jama'a. Fuller ya samu takardar mallakar fasaha a 1962, Snelson ya samu tasa a 1965, kuma haushin bai bar zuciyar Snelson ba har tsufansa. Da Hausa, ginin tsirkiya ya fi dacewa da abin.

Mafi shahara cikin ayyukan Snelson ita ce Hasumiyar Allura ta 1968, mai tsawon mita 18, da ke tsaye a harabar gidan adana kayan fasaha na Hirshhorn a Washington. Bututun alminiyam ne ke hawa sama suna ƙara ƙanƙancewa, kowanne a rataye cikin saƙar wayoyin ƙarfe. Mai kallo yakan rasa abin da ke riƙe da me.

A nan ne malami da ɗalibi suka sake rabuwa. Fuller ya yi mafarkin rufe birane da irin wannan gini. Snelson, wanda shi ne ya yi ta haɗa su da hannunsa, ya dage cewa abin kallo ne kawai, bai dace da ɗaukar kaya ba, domin ya cika laushi. Lissafi ya fi goyon bayan ɗalibin. Tun 1864 James Clerk Maxwell ya nuna cewa kafin ƙwarangwal na sanduna ya tsaya ƙyam, adadin sandunan sai ya kai adadin mahaɗa sau uku a cire shida. Ƙwarangwal mai mahaɗa 12 ke nan yana buƙatar 30. Amma akwai siffar Fuller mai mahaɗa 12 da ke tsayuwa da 24 kacal, sanduna 6 da igiyoyi 18. A 1978 Christopher Calladine na Jami'ar Cambridge ya warware wannan: Maxwell da kansa ya yi togaciya cewa akwai siffofi na musamman da za su tsaya da ƙasa da adadin, amma taurinsu zai kasance mai rauni. Gurbin guda shida da suka rage ba a cike shi da ƙarfe ba, an cike shi da ɗauri. Ginin yana da hanyoyin lanƙwashewa a ɓoye cikin jikinsa, jan igiyoyi ne kaɗai ya rufe su. Ga shi ba nauyi, ga shi ƙarfe da waya ba sa shanye motsi kamar ƙasa. Idan aka taɓa shi yakan daɗe yana rawa.

Injiniyoyi sun karɓi rabin shawarar Fuller, suka ƙi rabi. David Geiger ya rufe zauren wasannin motsa jiki na gasar Olamfik ta Seoul ta 1988, mai faɗin kusan mita 120, da igiyoyi da gajerun turaku masu lilo a iska, amma ya kama bakin rufin duka da wani ƙaton zobe mai tauri. Haka aka yi a Georgia Dome na birnin Atlanta a 1992, wanda aka rushe a 2017. Masu tsattsauran ra'ayi sun ce wannan ba ginin tsirkiya na gaskiya ba ne, tunda zoben ne ke riƙe da komai. Suna da gaskiya, sai dai gininsu na gaskiya bai taɓa rufe filin wasa ba.

Dangin wannan gini ba baƙo ba ne ga alhazan Rano da Kibiya. Tashar alhazai ta filin jirgin Jidda, da aka buɗe a 1981 bisa tsarin da injiniya Fazlur Rahman Khan ɗan asalin Bangaladash ya jagoranta, rumfuna 210 ne, kowace mita 45 tsawo da faɗi, rataye da igiyoyin ƙarfe daga dogayen turaku. Abin da ya hana yadin kaɗawa kamar tuta abu biyu ne: an ɗame shi tun wajen kafawa, kuma an yanka shi ya lanƙwasa ta fuska biyu masu saɓa wa juna, ta yadda duk inda iska ta tura shi sai ta tarar da wani ja yana jiranta. Rufin babban filin wasa na Abuja, na 2003, ƙafar keke ce aka kwantar: zobe a waje ana matse shi, zobe a ciki ana jan sa, igiyoyi a tsakani. Mai kanofin biki da bai ɗaure tamfol ɗinsa sosai ba yana koyon darasin nan ta hanya mai tsada da zarar iskar bazara ta taso.

Tarihin yaƙi da girgiza ya girmi sunan tensegiriti, kuma abin da ya fara koya wa injiniyoyi shi ne cewa ba guguwa kaɗai ke kashe waya ba. Kowane abu yana da saurin kaɗawa nasa, kamar lilon yara. Idan turawa ta zo daidai da wannan sauri, ƙaramin ƙarfi yakan taru ya zama babba. Iska mai wucewa ta gefen waya tana barin ƙananan juye-juye a bayanta, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, bi da bi, da sauri wanda Vincenc Strouhal ya nuna a 1878 cewa ya dogara da gudun iskar da kaurin wayar. Wannan shi ne kukan da waya ke yi cikin iska. Ga wayar lantarki mai kaurin santimita uku, iska mai gudun mita biyar a daƙiƙa, wadda ba ta wuce ta kaɗa riga ba, za ta girgiza ta kimanin sau 30 a daƙiƙa. A awa ɗaya ya haura sau 100,000, a awa goma ya haura miliyan. Motsin bai fi kaurin wayar ba, ido ba ya ko ganinsa daga ƙasa, amma a inda aka maƙale wayar da turke silin alminiyam yana lanƙwasuwa yana miƙewa har ya gaji ya tsinke. Iskar da ta fi yin wannan ɓarna ita ce mai taushi, mai ɗorewa, a fili shimfiɗaɗɗe, kuma duk wanda ya san hunturu a filayen Kadawa da Bunkure ya san irinta.

Maganin ya zo daga George Stockbridge, injiniyan wani kamfanin lantarki a Kalifoniya, wanda ya samu takardar mallaka a 1928. Guntun igiyar ƙarfe ne mai sili-sili, da dunƙulen ƙarfe a kowane baki, a maƙala shi a jikin waya kusa da turke. Idan waya ta fara rawa, dunƙulen su karɓe rawar, silin guntuwar igiyar su goga juna, motsi ya koma ɗan zafi ya bi iska. Su ne abubuwan nan masu kama da ƙashin da ake gani rataye a manyan layukan wuta, irin wanda ya taso daga Kaduna zuwa Kumbotso. Ba su cin wuta, ba su da inji, sun kusa shekara ɗari ba a sauya musu asali ba.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata a lura da shi. Mutum zai zaci maganin kowace girgiza shi ne a ƙara ɗamewa. A wayar lantarki akasin haka ne: idan aka ja ta da yawa, silinta sukan manne su daina gogar juna, sai ta rasa ɗan shanye motsin da take da shi, ta fi saurin gajiya. Saki haɗari ne, ɗamewa fiye da kima ma haɗari ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta da faɗi.

Manyan gadoji sun maimaita darasin a gaban kyamara. Gadar Tacoma a Amurka, siririya mai rataye da igiyoyi, an buɗe ta ranar 1 ga Yuli 1940, ta ruguje ranar 7 ga Nuwamba na shekarar cikin iskar da ba ta kai kilomita 70 a awa ba, domin murɗawar gadar da kanta ce ke sauya yadda iska ke bugun ta, kowace murɗawa tana haifar da wadda ta fi ta. Bayan shekara 60, gadar masu tafiya a ƙasa ta Millennium a Landan ta yi kwana biyu kacal a buɗe a watan Yunin 2000. Ta ɗan karkata gefe, mutane suka gyara takunsu don kada su faɗi, takun nasu ya zo daidai da karkatar, ta ƙara karkata. Ba a ƙara mata nauyi ko tauri ba. An sa mata na'urori 37 masu aiki kamar shokozoban mota, da wasu 52 masu nauyi a kan sifirin, jikokin dabarar Stockbridge, aka sake buɗe ta a Fabrairun 2002.

Masu binciken ginin tsirkiya a yau sun ɗauki wata hanya dabam. Tunda taurin ginin yana bin ɗaurinsa, me zai hana a riƙa sauya ɗaurin yayin da ginin ke motsi? A jami'ar fasaha ta Lausanne a Suwizalan, rukunin Ian Smith ya gina irin wannan, da sanduna masu tsawaita da gajarcewa bisa umarnin kwamfuta. Hukumar NASA ta gwada wani mutum-mutumi mai sanduna 6 da igiyoyi 24, wanda ke birgima ta hanyar ja da sakin igiyoyinsa, kuma zai iya faɗowa daga sama ya shanye bugun. Wannan hammatar makaɗin kalangu ce aka mayar inji. Dabara ce mai ƙayatarwa, amma har yanzu mafi yawanta a ɗakin gwaji take, kuma ginin da tsayuwarsa ta dogara da wutar da ba ta yankewa da na'urar auna motsi da ba ta lalacewa ba shi ne abin da ƙasar da ke fama da ɗaukewar wuta za ta fara nema ba. Dunƙulen Stockbridge ya fi kusa da buƙatarta.

Abin da ya fi kusa da ginin tsirkiya a Rano da Kibiya ba shi da kwarjini ko kaɗan. Wayar nan ce da ke tasowa daga kan falwaya a kwana ko a ƙarshen layi ta nutse cikin ƙasa, da kuma siraran turakun eriya da igiyoyi ke riƙewa ta fuska uku. Manyan ƙarafunan sabis galibi da ƙafafunsu suke tsaye, amma su ma rayuwarsu tana hannun ɗaruruwan notuna da girgiza ke kwancewa a hankali. Wayar falwaya kuwa ta zama wurin ɗaure akuya da shanya, wani lokaci mai gini ya tone gindinta don ta tare masa ƙofar shago, wani lokaci masu neman ƙarfen sayarwa su yanke ta. Falwayar ba ta faɗuwa a ranar. Takan jira hadarin farko.

A ƙa'ida, igiyar turke ana ɗame ta ne zuwa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da zai tsinka ta. Idan ta saki, turke yakan samu sararin yin lilo, igiyar ɓangaren da iska ke bugowa ta sake ta kuma fizgu farat ɗaya, kuma wannan fizga ta fi matsin iskar kanta illa. Lokacin gyara ma lokacin haɗari ne. Turken rediyon Warsaw a Folan, mai tsawon mita 646, wanda ya fi kowane gini tsawo a duniya tun 1974, ya faɗi ranar 8 ga Agusta 1991 ana tsakiyar sauya masa igiya. Ƙa'idar da masu turakun sadarwa a Amurka ke bi, wadda ƙasashe da dama suka ara, ta ba da shawarar a duba turke mai igiya duk shekara uku, mai tsayuwa da ƙafafunsa duk shekara biyar.

A Nijeriya muhawarar ta tafi wani wuri. Hukumar sadarwa ta NCC ta fitar da ƙa'idojin kafa turaku a 2009 da tazarar mita 5 daga gidaje, hukumar muhalli ta NESREA ta zo a 2011 ta ce mita 10, aka yi shekaru ana jayayya. Jama'a kuma hankalinsu ya tafi ga tsoron tururin sabis da ƙarar janareta. Ga turke mai tsawon mita 40, bambancin mita 5 da mita 10 ba zai ceci rufin maƙwabci ba idan ya kwanta. Tambayar da ta fi amfani ga mai filin da aka yi haya, da mai unguwa, da injiniyan ƙaramar hukuma, ita ce yaushe aka duba shi na ƙarshe, wa ya duba, kuma ina takardar.

Dubawar ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ƙa'idar ta amince da su ita ce a buga igiyar a gindinta, motsin ya hau sama ya dawo, a ƙirga zuwa da dawowarsa da agogo, daga nan a fitar da ƙarfin jan, tunda an san tsawon igiyar da nauyinta. Sharaɗi shi ne a yi lokacin da iska ta kwanta, kuma a rubuta zafin ranar, domin ƙarfe yana miƙewa da zafi. Tsakanin asubahin hunturu da azahar ɗin Afrilu a kudancin Kano akwai tazarar da ta kai digiri 25, wadda ta isa ta ƙara wa igiya mai tsawon mita 100 santimita uku.